Mai Ƙaho Ya Rasu Bai Ga Tsere Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da cinyoyi masu cike da tsamin da yanzu ya tashi a banza, ni Yusha'u mai kemis na Tudun Wada, Zariya, a madadin kaina da iyalina waɗanda ba su nemi a sa su a ciki ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna yi mini dariya, rasuwar kekena kuma abokin tafiyata, wanda aka fi sani da Mai Ƙaho. Ya rasu ranar Laraba da hantsi, a bakin titi, tsakanin rumfar mai walda da ta mai faci, bayan gajeriyar jinyar da ba ta kai dahuwar shinkafa ba. Ya tafi ana saura 'yan kwanaki a yi tseren da muka cinye damina guda muna yi wa shiri, ni da shi.

Na so in buɗe wannan sanarwa da kalmomin da aka saba buɗe irinta da su, amma da na tuntuɓi limamin unguwarmu sai ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce in ji tsoron Allah, ƙarfe ne. Na so in gyara masa cewa ko ƙarfen ma ba shi ba ne, alminiyam ne, sai na ga ba kyau a yi wa babba gyara, na ja bakina na yi shiru. Za ku ji a gaba abin da irin wannan shirun nawa ya jawo wa marigayin.

An haifi marigayi a wata ƙasar Turawa da ba mu tabbatar da sunanta ba, domin rubutun jikinsa ya goge kafin ya iso gare mu. Ya yi ƙuruciyarsa a hannun wani Bature dogo, abin da muka gane daga yadda aka ɗage sirdinsa sama, har sai da na taka turmi a hawan farko. Ya shigo ƙasar nan cikin kwantenar gwanjo, a matse tsakanin firji da tayoyin mota, ya sauka a shagon Chidubem da ke Sabon Gari. Ga wanda bai san Chidubem ba, mai sayar da kayan keke ne, haifaffen Zariya, wanda ya fi ni sanin lungunan garin nan kuma ya fi ni baki. Ni kuwa abin da ya kai ni shagonsa shi ne likita, wanda ya auna jinina, ya dubi tumbina, ya ce ko dai in fara motsa jiki ko in fara sallama da jama'a. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ni da nake sayar wa mutane maganin hawan jini ina yi musu nasiha kyauta.

"Malam Yusha'u, wannan ba keken zuwa cefane ba ne," in ji Chidubem a ranar. "Ɗaga shi ka ji."

Na ɗaga shi da hannu ɗaya, na ji bai kai bokitin ruwa nauyi ba. Tun daga nan zuciyata ta tafi. Sunan kuwa 'yan majalisar mai shayin layinmu ne suka raɗa masa, saboda kansa ya lanƙwaso ƙasa irin na ƙahon ragon layya. Don ba'a suka sa masa, amma ya riƙe sunan da mutunci har ƙarshen rayuwarsa.

Duk wanda ya zauna da marigayi zai shaide shi da kyawawan halaye. Bai taɓa bin layin gidan mai ba, kuma duk lokacin da aka ƙara kuɗin fetur, shi kaɗai ne abin hawa a Tudun Wada da ransa bai ɓaci ba. Mai haƙuri ne, ya ɗauki tumbina a lokacin da ni kaina na gaji da ɗaukarsa. Mai rufin asiri ne kuma, domin sau da yawa nakan sauka a tsakiyar tudu in tura shi ina haki, amma bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko da na dawo majalisa ina cewa da numfashi ɗaya na haye. Ba shi da yawan magana. In muna gangara na daina taka feda, yakan ce "kirrrrrr" a hankali, alamar ransa ya yi fari. In na sauya giya da kyau ya ce "ƙas", in na sauya da ganganci ya ce "ƙaraƙas-ƙas", wanda na fahimta a matsayin zagi, kuma na cancanta. In ruwa ya taɓa birkinsa kuwa, sai ya saki wani "ƙiiiiii" da ke tashin kajin ƙauye guda.

Ba za mu ce ba shi da aibi ba. Sirdinsa siriri ne, mai tauri, kuma tsakaninsa da mazaunaina akwai gabar da ba a taɓa sasantawa ba. A makonnin farko tafiyar mai sabuwar kaciya nake yi, masu zuwa sayen magani suna tambayata ko in ba su shawarar maganin basir ne ko su ba ni. Na yafe masa duniya da lahira.

Farkon damina wata ƙungiyar masu hawan keke ta ba da sanarwar tseren burji, wato tseren da ba ya bin kwalta. Za a tashi daga bayan dutsen Kufena da sassafe, a ratsa ƙauyuka da gonaki da rafuka, a kan jan burji da tsakuwa da yashi da gargada, tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya, a dawo inda aka tashi kafin rana ta faɗi. Chidubem ya rubuta sunansa ya rubuta nawa, sannan ya gaya mini. Ban taɓa sa ran zuwa na ɗaya ba, ban yi hauka ba. Abin da nake so shi ne in gama, in dawo ƙafata a kan feda, kada a dawo da ni a bayan motar da ke kwasar waɗanda suka gaza. Na haura shekara arba'in a duniya ba wanda ya taɓa ganina ina gudu, ko ranar da gobara ta tashi a layinmu da sassarfa na fita. Sau ɗaya dai nake so a ce Yusha'u ya ɗauko abu mai wuya ya kai shi har ƙarshe.

Haka muka shiga atisaye. Da an sallame asuba sai mu fita, ni da marigayi, mu haɗu da Chidubem a hanya. Wandon wannan harka matsattse ne, irin wanda magidanci ba zai ratsa unguwarsu da shi ba, don haka jallabiya nake ɗorawa a kai, in tattare ta a ƙugu, sai mun bar gidajen mutane in cire in cusa a jakar baya. Mun fara da zagayen kusa, muka riƙa ƙara nisa mako-mako, har muka kai ga fita da safe mu dawo bayan la'asar. Na koyi cin dabino da ƙuli-ƙuli ina taka feda, na koyi shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta zo. Na koyi cewa ba a zuba fura a gorar keke, bayan wata rana da zafi da girgiza suka haɗu suka tayar mata da hankali, murfin ya yi sama, furar ta yi fuskata. Karnukan wajen Dutsen Abba sun taimaka matuƙa wajen ƙara mini sauri, kuma ina miƙa musu godiya ta musamman. Akwai ranar da wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta wuce ni a kan tudu, a ƙafa, ta waiwayo ta ce, "Sannu ɗan nan, Allah ya ba ka lafiya." Ko wannan ma marigayi bai faɗa wa kowa ba.

Amma duk wahalar atisaye ba ta kai ta taya ba. Marigayi ya zo da sirararan tayoyi na kwalta, waɗanda tsidau da ƙayar aduwa suka mayar abin wasa. Akwai fitar da muka yi faci har muka gaji da ƙirgawa, muka dawo gida a bayan motar tumatir. Sai Chidubem ya sa aka kawo mana wasu daga Legas, masu faɗi, masu ƙananan haƙora, irin waɗanda ba a sa musu tub. A maimakon tub, wani farin ruwa ake ɗura musu mai kama da tsinkakken nono, in ƙaya ta huda sai ruwan ya bi ramin ya toshe shi da kansa, kai kana tafiyarka. Ranar da na fara ganin haka da idona sai da na sauka na yi wa tayar kallon girmamawa.

Sirrin abin kuma yana wajen iska. A kan burji, taya mai tauri tsalle take yi kamar ƙwallo, ta zame a kwana, ta girgiza maka haƙora da ƙashin baya har ka tsani rayuwa. Mai ɗan laushi ita ke kwantawa ta rungumi ƙasa ta haɗiye gargada. Mun shafe makonni muna rage iska kaɗan-kaɗan, mu gwada, mu ƙara, mu sake ragewa, muna musu a gefen hanya Fulani suna kallonmu, har muka samu daidai da nauyina: in ka danna da babban yatsa za ta ɗan lotsa, kamar nunanniyar gwanda. Ranar Talata na kammala komai. Na wanke sarƙa na sa mata mai, na sa sabon birki, na ɗura sabon farin ruwa, na goge marigayi tas na jingine shi a zaure. Har Rauda, matata, wadda ba ta cika yaba masa ba, sai da ta ce ya yi kyau.

Yanzu na zo kan ciwon ajali, kuma dole in ambaci surukina, mahaifin Rauda, wanda ba zan rubuta sunansa ba domin ba haka aka tarbiyyantar da ni ba. Baba tsohon masinja ne da ya yi ritaya, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan keke yana kai takardu daga ofis zuwa ofis, rana da ruwa. Mutum ne mai kwarjini, marar yawan fara'a. Tun da ya ba ni 'yarsa bai taɓa yi mini faɗa ba, bai kuma taɓa yaba mini ba, kuma na daɗe da sanin cewa a ganinsa ni mutum ne da ke zaune a ƙarƙashin fanka yana ƙirga ƙwayar ciwon kai. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ni a durƙushe ina kallon ƙasa, shi a tsaye yana kallon bango.

Ranar Laraba da safe ya zo daga Hanwa duba jikarsa Bilkisu. Na durƙusa a zaure na gaishe shi, ya amsa, sai idonsa ya faɗa kan marigayi. Ya matsa kusa, ya zagaya shi, ya sa babban yatsa ya danna tayar baya. Ta lotsa, kamar yadda muka sha wahala muka koya mata. Baba ya girgiza kai, ya juya ga Rauda, domin ta bakinta yake yi mini magana ko da ina wurin.

"Yarinyar nan, da wannan tayar mijinki zai je tseren da ake faɗa? Tuɓus take fa. Ga shi ba kariya a bayan sirdi, ina zai ɗora guzurinsa? Tafiyar yini guda ai ba wasa ba ce." Sannan ya ƙara da cewa, "Bari in kai a gyara masa. Ni ma in sa hannuna a cikin abin."

Jama'a, ku yi mini adalci. Shekara da shekaru ina jiran ranar da dattijon nan zai ga wani abu nawa ya ce zai sa hannu. Ga ranar ta zo, kuma ta zo da wuƙa a hannunta. Bayanin duka yana bakina, na iska, na farin ruwa, na alminiyam. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya ƙara girma, Baba." Ya kama ƙahon marigayi ya tura shi waje, marigayi yana cewa "kirrrr" a hankali, bai san inda za a kai shi ba.

Na faɗa cikin gida na ce wa Rauda ta bi shi da gudu ta ce masa haka tayar take, da gangan aka bar ta.

"Ni? In je in ce wa Baba bai san taya ba? Abban Bilkisu, kai da gemunka ka kasa, sai ni?"

Na kira Chidubem a waya na zayyana masa.

"To ka bi shi ka karɓo mana! Me kake jira?"

"Surukina ne, Chidubem."

Chidubem dai a Zariya aka haife shi, ba ya buƙatar ƙarin bayani. Sai ya ce, "To, Allah ya jiƙan keke."

Na bi su daga nesa ina raɓewa a bayan motoci kamar ɓarawon akuya, na shige wani shagon kayan masarufi da ke tsallaken titi, na leƙo ta tsakanin buhunan omo. Baba ya sayi tsohuwar kariya ta baƙin ƙarfe, ya kai wa Labaran mai walda, mutumin kirki wanda ƙofofin gidajen unguwarmu duk aikinsa ne, ya ce a liƙa ta da kyau yadda ko buhun masara aka ɗora ba za ta motsa ba. Labaran ya sa baƙin gilashinsa, ya ɗora wuta a ƙugun marigayi. Haske ya walƙa sau ɗaya, da ya ɗage hannu sai ga rami. Ya yi ƙoƙarin cike ramin, ramin ya ƙara faɗi. Ya koma ɗaya gefen don ya gwada sa'a, nan ma aka samu rami. Daga baya da ya zo yi mini ta'aziyya ya ce, "Wallahi Malam, tun da nake ban taɓa ganin ƙarfen da ke narkewa kamar man shanu ba." Ban riƙe shi a zuciya ba. A ƙarshe da waya suka ɗaure kariyar, suka naɗe raunukan da baƙar roba.

Ko a nan aka tsaya, da wuya marigayi ya tashi. Amma saura iska. Baba ya tura shi rumfar da ke kusa, wurin mai facin da injinsa tayoyin tifa ya saba bugawa. Aka tayar da inji, aka soka wa tayar baya tiyo. Baba ya danna ya ce a ƙara. Aka ƙara, ya danna, ya ce a ƙara dai. Mai facin ya ɗan dube shi, amma wa zai yi musu da furfura? Daga inda nake ina jin marigayi yana cewa "ƙiƙ… ƙiƙ… ƙiƙ", kuma waɗannan su ne kalmominsa na kusa da ƙarshe. Na ƙarshen kuwa duk Tudun Wada ta ji shi: "DARAM!"

'Yan acaɓa suka watse, wasu suka bar baburansu a kunne. Mai ƙosan gefe ta kwanta a ƙasa tana salati. Tayar ta yi tsalle ta bar rim, wato zoben da take zaune a kai, rim ɗin ya murɗe, marigayi ya faɗi a kan ƙugunsa da wuta ta riga ta cinye, ya karye gida biyu. Farin ruwan nan da na ɗura da hannuna ya yi feshi ya wanke fuskar mai faci, da kaskon ƙosai, da rigar Baba, da hularsa, da gemunsa. Mutane da suka gane ba abin gudu ba ne sai suka dawo suna dariya, har da masu riƙe ciki. Baba bai goge fuskarsa ba. Ya tsaya yana kallon abin da ke kwance a gabansa, hannunsa ɗaya a miƙe yadda ya ɗaga shi zai sake dannawa.

Ni kuwa ta ƙofar baya na fita na koma gida da gudu, kuma wannan shi ne gudu na farko da aka taɓa ganina ina yi. Ban so ya san na gani ba.

A napep aka kawo gawar, Baba yana rungume da ita a cinyarsa. Ya sauke ta a zaure da kansa, ya jera gutsattsarin a hankali. Rauda ta kawo masa ruwa bai sha ba, ya juya ya tafi. Da yamma Chidubem ya zo ya duba, ya juya nan ya juya can, sannan ya cire hularsa ya ce ko a Turai ba mai tayar da wannan. Ya buga waya Kaduna da Kano, ba a samu wani irinsa daidai tsayina da zai iso kafin Asabar, ranar tseren, ba. Ba zan ɓoye muku ba, na shiga bayan kanta a kemis na yi kuka, kukan gaske mai majina. Na ji haushin Labaran, na ji haushin mai faci, na fi jin haushin bakina. Baba kaɗai na kasa jin haushinsa, duk lokacin da na gwada sai in tuna shi tsaye a bakin titi mutane suna dariya.

Marigayi ya rasu ya bar tayar gaba, wadda har yanzu iskarta daidai take, tana takaba a jingine a zaure. Ya bar gorunan ruwa biyu marayu, da hular kwano, da ɗan ƙaramin famfon da ke tafiya a jikinsa duk inda za shi, da matsattsen wandon da Rauda ta daɗe tana neman dalilin ƙonawa. Ya bar amaryarsa kariya, wadda zamansu bai kai rabin sa'a ba, kuma dangi sun ƙi yarda a ba ta gado. Ya bar Chidubem, da karnukan Dutsen Abba da za su yi ta jira a bakin hanya. Ya kuma bar ni, da tumbin da ya ragu da rabi da ƙafafun da suka saba tashi da asuba, ba su san an yi rasuwa ba.

Ranar Alhamis surukata ta kira Rauda ta ce Baba bai ci abinci ba, bai fita majalisa ba, daga masallaci sai ɗaki. Na rasa abin yi. In na je na ce masa ba komai, na nuna ke nan akwai komai. Na yini ina juya maganar ban samu bakin zaren ba.

Yau Juma'a da safe ina zaune a zaure kusa da gawa, sai na ji ƙararrawa a ƙofar gida, "ƙirin-ƙirin". Na leƙa, sai ga Baba riƙe da wani tsohon baƙin keke, irin na da, mai giya ɗaya, mai birkin sanda, da kariyar da za ta ɗauki buhu da mai buhun. Nasa ne na aiki. Rauda ta ce tun da ya yi ritaya yake rataye a ɗakinsa a lulluɓe da zane, ko 'ya'yan cikinsa bai taɓa bari su taɓa ba. Gwiwoyinsa ba sa barinsa hawa yanzu, don haka turo shi ya yi a ƙafa tun daga Hanwa. Ya wanke shi, ya shafe shi da mai har yana ƙyalli, tayoyin kuwa an buga musu iska sun yi tauri kamar dutsen niƙa.

Na durƙusa zan gaishe shi. Bai nemi Rauda ba, ni ya yi wa magana, kuma ya kira sunana, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Yusha'u, na yi maka ɓarna. Na zaci na san keke." Yau shi ne mai kallon ƙasa. "Wannan dai bai taɓa barina a hanya ba. In ka ga zai yi, ka je da shi. In ba zai yi ba, ka faɗa mini, ba komai."

Keken nan ya kai ɗan maraƙi nauyi. Na san abin da zai yi wa cinyoyina a tudun farko, na san abin da yashi zai yi mana. Na ce, "Zai yi, Baba." Wannan karon ba kunya ce ta sa ni faɗa ba, da zuciya ɗaya na faɗa.

Chidubem ya yi dariya har sai da ya zauna a ƙasa, ya ce in Allah ya yarda zan iso ranar Lahadi da azahar. Bayan ya share hawaye ya tabbatar mini cewa dokar tseren cewa ta yi a zo da mai ƙafa biyu marar inji, ba ta hana kayan tarihi ba. Ya sa wa baƙin keken tub mai kauri, ya ɗaure gorunan marigayi a jikinsa da waya, ya ce zai riƙa jirana a kan kowane tudu don ya samu abin ba jikokinsa labari.

Game da jana'iza, iyalai sun tsayar da shawara kamar haka. Ba za a yi wa marigayi wanka ba, domin na wanke shi tas ranar Talata kuma bai samu damar yin datti ba. Ba za a binne shi ba, za a rataye shi a bangon kemis sama da kantar maganin hawan jini, don masu tumbi su gani su yi tunani. 'Yan gwangwan da ke ta zarya a ƙofar gidana tun ranar Laraba da sikelinsu, ina shaida musu cewa na gan su, kuma Allah ya isa. Ba za a yi zaman makoki ba, saboda daga gobe mai makokin ba zai iya zama ba sai bayan mako guda.

Za a karɓi gaisuwar ta'aziyya gobe Asabar a gefen hanyar tsere, daga fitowar rana har faɗuwarta. Ba za a sha wahalar gane ni ba, ni ne na can baya, a kan baƙin keke mai ƙararrawa. Mai zuwa ya taho da ruwan sanyi da dabino. Mai niyyar dariya ma ya zo, amma ya haɗa da ruwan.

Roƙo ɗaya nake da shi ga duk wanda zai halarta. Baba ya ce zai zo wurin tashi, kuma zai zauna a nan har in dawo. In an tashi, da zarar na sha kwanar farko ta bayan Kufena, inda idonsa ba zai kai ba, za ku ga na sauka na tsuguna ina rage wa tayoyin iska. Wanda ya gani ya kau da kai, kada maganar ta isa Hanwa. In kuma Allah ya nufa na dawo a kan feda, ko da kowa ya watse, za ku sake ganina a wannan kwanar da ɗan famfon marigayi, ina mayar da iskar har su yi tauri yadda ya ba ni su. Ku yi haƙuri ku jira ni in gama, domin na san Baba, sai ya danna da yatsansa.